Daga nonon gwanda zuwa lizozom: yadda za a koyar da aikin furotiyaz a cikin otofaji

Darasin otofaji yana cikin waɗanda ɗalibi ke haddacewa ya juye a takardar jarrabawa, mako na zagayowa ya manta. Ana zana masa da'ira cikin da'ira a allo, a jero masa sunayen furotin masu gudanar da aikin, ATG kaza da ATG kaza, shi kuwa bai taɓa ganin anzim, furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, yana aiki da idonsa ba. Alhali abin da zai buɗe masa ido yana tsaye a tsakar gidaje da lambuna da yawa a Maradi, wato bishiyar gwanda. Wannan jagora na malaman SVT ne, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a lise, da ɗaliban shekarun farko na kimiyyar rayuwa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu son su gwada da hannunsu. Zama biyu ya isa, ɗaya na gwaji, ɗaya na fassara abin da aka gani.

Mataki na ɗaya: ku fara daidaita labarin a kanku

Kafin a taɓa kofi ko sirinji, malam ya tabbata zancen ya zauna masa. Otofaji shi ne yadda ƙwayar jiki, selil ke nan, take tattara wani sashe na kayan cikinta, kamar mitokondiriya da ta tsufa, ko furotin da suka dunƙule, ko ƙwayar cuta da ta kutso, ta naɗe shi cikin buhu mai fata biyu da ake kira otofagozom. Buhun ya je ya haɗe da lizozom, jakar narkarwa ta selil, a narkar da abin da ke ciki, a maido wa selil da amino asid ta sake gini da su. Furotiyaz kuma anzim ne mai yanke ɗaurin da ke tsakanin amino asid biyu a sarƙar furotin.

Littattafai da yawa suna ajiye furotiyaz a ƙarshen labari kawai, wajen narkarwa. A ganina nan ne darasin ke lalacewa, domin furotiyaz tana tsaye a bakin ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, kuma halinta a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Ta farko kamar tela take, yanka ɗaya a kan alli, ba ƙari ba ragi. Ta ƙarshe kuwa mahauci ce, sai ta daddatsa komai.

Telan shi ne ATG4. A jikin mutum iri huɗu ne, A da B da C da D, amma ATG4B ya fi ɗaukar nauyin aikin. Selil tana ƙera wani ƙaramin furotin mai suna LC3, wanda a yis, ƙwayar da ke kumbura burodi, ake kira Atg8, sai dai tana fito da shi da ɗan wutsiya da ke rufe masa baki. ATG4 ya zo ya datse wutsiyar daidai bayan wani amino asid mai suna gilisin, na 120 a LC3B na mutum, na 116 a Atg8 na yis. Da gilisin ɗin ya bayyana, an sami LC3-I. Daga nan ATG7 ya karɓe shi ya miƙa wa ATG3, sannan da taimakon gungun ATG12 da ATG5 da ATG16L1 a ɗaure gilisin ɗin a jikin wani kitse na fatar buhun mai suna PE. Wannan ɗaurarren shi ne LC3-II. Shi ke taimaka wa fatar ta faɗaɗa ta rufe, shi ne kuma maƙalin da masu kawo shara irin su p62 ke rataya kayansu. In babu yankan farko, babu LC3-II, buhu ba ya ginuwa yadda ya kamata. ATG4 ɗin dai shi ke dawowa daga baya ya kwance LC3 daga kitsen don a sake amfani da shi. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan: anzim ɗaya, shi ke ba da damar ɗauri, shi ke kwancewa.

Mahautan su ne katepsin, mazauna lizozom. Lizozom na ɗauke da anzim masu narkarwa wajen iri 60, na kitse da na sukari da na DNA, amma furotin rabon katepsin ne. Masu yanka da amino asid ɗin sisteyin su 11 ne a jikin mutum, fitattunsu B da L. Masu yanka da amino asid ɗin aspartat biyu ne, D da E. Ana ƙera su a kulle, da wani guntu da ya toshe musu baki, a manna musu alamar sukari mai suna manoz-6-fosfat wadda ke nuna inda za a kai su. Sai sun isa cikin tsami ne guntun ke fita su farka. Amino asid da suka saki suna fitowa daga lizozom, su tayar da mTORC1, gungun furotin mai lura da abinci a selil, shi kuma ya ce a sassauta otofaji tunda abinci ya samu. Ke nan katepsin ba share wuri kawai suke yi ba, da aikinsu ne selil ke sanin lokacin tsayawa.

Ina gwanda ta shigo? Anzim ɗin da ke cikin nononta, papayin, shi ne aka raɗa wa dangin katepsin B da L sunansa. Sarƙarsa amino asid 212 ce, yana yanka da sisteyin na 25, kuma tun 1968 aka gano siffarsa. ATG4B ma, mai yanka da sisteyin na 74, ƙirar jikinsa ta yi kama da ta papayin. Don haka ɗalibin da ya ga abin da nonon gwanda ke yi wa madara ya ga irin wuƙar da ke aiki a ƙofofin nan biyu.

Mataki na biyu: ku ba da labarin Ohsumi a matsayin dabara

Mintuna goma sun isa, amma kada a tsallake. Christian de Duve, ɗan Beljiyam, ya gano lizozom a 1955, ya raɗa sunan otofaji a 1963, ya sami kyautar Nobel a 1974. Bayan haka an yi shekaru ana ganin buhunan a hoton madubin lantarki ba tare da an san ƙwayoyin gadon da ke gina su ba. A 1988 Yoshinori Ohsumi ya buɗe ɗakin bincikensa a Jami'ar Tokiyo yana da shekara 43, ya ɗauki yis ɗin burodi. Yis na da babbar jaka ɗaya, bakuyol, wadda take a matsayin lizozom, kuma ana ganinta da madubin haske na yau da kullum. Matsalar ita ce duk abin da ya faɗa ciki nan take yake narkewa, ba ka ganin komai.

Sai ya nemo yis ɗin da aka cire wa furotiyaz na bakuyol, wato furotinaz A da furotinaz B da karboksipeptidaz Y, ya hana shi abinci. Cikin sa'o'i kaɗan bakuyol ya cika da 'yan ƙwallaye suna motsi. An buga wannan a 1992. A 1993, shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka bi dubban yis masu naƙasa suna neman waɗanda ƙwallayen ba sa taruwa a cikinsu, suka fito da ƙwayoyin gado 15. Wannan aikin ne ya kai shi ga Nobel ta 2016.

Ku tambayi aji: me ya sa sai da ya kashe furotiyaz sannan ya ga otofaji? Kada ku ba da amsa. Ku bar ta a kusurwar allo har zama na biyu.

Mataki na uku: kaya da tatsar nonon gwanda

Za ku nemi ƙananan kofunan shayi na gilashi guda biyar ga kowane rukuni, sirinji mai mil 10 da mai mil 2 ba tare da allura ba, madarar gari, ruwan oksijene na farmasi mai kashi 3 cikin ɗari, wanda ake wanke miki da shi yana kumfa, sai roba mai faɗi ta ruwan ɗumi, tarmometa in da hali, kula da ƙanƙara, da agogon waya. Ku sa lamba a jikin kofunan tun a gida.

Nonon kuwa a jikin bishiya ake tatsarsa. Gwandar da aka tsinko ta kwana a kasuwa ba ta ba da abin kirki, nunanna kuma ta riga ta rasa shi. A nemi ɗanya kore shar wadda ta gama girma, ko a gida ko wajen masu lambu ta Jiratawa da Sumarana, a nemi izinin mai ita, a je da sassafe kafin rana ta ɗaga. Da bakin wuƙar da ba ta tsatsa, ko gefen cokalin roba, a ja zane uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa, kada zurfin ya wuce milimita biyu. Farin ruwa zai tsattsafo, ya gangaro ya taru a gindin gwandar yana ɗiga. A tara a kofin gilashi. Cikin 'yan mintuna za ku ga ya fara kauri yana kama jikin fatar kamar kakin kyandir, sai a kankare wannan ma a haɗa. Tsohuwar wuƙa mai tsatsa ko gwangwanin ƙarfe suna rage masa ƙarfi, a guje su.

Ku zuba kamar rabin cokalin shayi a ruwa mai sanyi mil 20, ku dama, ku tace da ƙyalle mai tsabta, ku ajiye cikin kula. A ranar za a yi amfani da shi, domin iska da zafi suna cinye shi.

Maganar kiyayewa ba ta wasa ba ce. Nonon nan yana cin fata, yana ƙona ido, wasu kuma jikinsu ba ya jituwa da shi ko kaɗan. Mai tatsa ya sa safar hannu ko leda, kada ya tsaya a ƙarƙashin gwandar yana ɗaga kai. Ba a ɗanɗana komai a gwajin nan. In wani ɗalibi ya ce a kawo nonon tumfafiya tunda ita ma tana daskarar da madara, gaskiyarsa, tana da furotiyaz irin wannan, amma ku hana. Ɗigonta ɗaya a ido na iya kai yaro asibiti.

Mataki na huɗu: gwajin madara

Ku dama babban cokali ɗaya cike da madarar gari a ruwa mil 100, ku zuba mil 10 a kowane kofi, ku jera su cikin robar ruwan ɗumi wajen digiri 40. In babu tarmometa, ɗumin da hannu ke jurewa ba tare da an janye ba.

Kafin nan ku riga kun raba ruwan gwandar gida uku. Kashi ɗaya a bar shi yadda yake. Kashi na biyu a tafasa shi minti goma a bar shi ya huce. Goman nan da dalili: papayin na da taurin kai a kan zafi, a digiri 60 ma aikinsa yake yi hankali kwance, ɗumamawa kawai ba ta kashe shi. Kashi na uku a haɗa shi da ruwan oksijene daidai wa daida, a bar su minti goma sha biyar.

Kowane kofi mil 2 zai karɓa, don kada wani ya ce bambancin yawan ruwa ne. Na ɗaya, ruwa zalla. Na biyu, mil 1 na ɗanyen ruwan gwanda da mil 1 na ruwa. Na uku, mil 1 na tafasasshe da mil 1 na ruwa. Na huɗu, mil 2 na haɗin gwanda da oksijene. Na biyar, mil 1 na oksijene da mil 1 na ruwa, babu gwanda. Ɗalibai sukan raina kofi na biyar, su ce ɓata madara ne. Ku tambaye su: in kofi na huɗu ya yi wani abu daban, da me za ku rantse cewa ba oksijene ne ya taɓa madarar kanta ba?

A kunna agogo. Duk bayan rabin minti a karkata kofi a hankali a kalli siririn layin madarar da ke bin jikin gilashi. Da farko sumul yake. A kofi na biyu za a kai lokacin da layin zai fara nuna 'yan tsaki-tsaki kamar garin da bai damu ba, wannan shi ne lokacin da za a rubuta. Jim kaɗan madarar ta kama, ta tsage, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya ware. In abin ya faru kafin a ƙirga goma, ruwan gwandar ya yi ƙarfi, a ƙara masa ruwa ninki biyar a sake. In an yi minti ashirin shiru, a ƙara nono. Bishiya da bishiya suna bambanta, don haka malam ya gwada shi kaɗai da safe kafin yara su shigo.

Abin da ake sa ran gani: na ɗaya da na uku da na biyar su zauna madara, na biyu ya daskare da wuri, na huɗu ya makara ƙwarai ko ya ƙi. Kada a zubar da na biyu. A bar shi cikin ɗumi har ƙarshen zama, za a ga daskararren ya fara zagwanyewa, domin papayin bai tsaya a yankan farko ba, ya ci gaba da cin kazeyin, furotin ɗin madarar.

A nan ne za ku ɗaure gwajin da selil. Kofi na huɗu ya nuna cewa wuƙar sisteyin tana dushewa in oksijene ya taɓa ta. A 2007 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun nuna cewa selil mai jin yunwa tana fitar da wannan sinadarin dai, H2O2, kuma yana danne ATG4 na ɗan lokaci ta hanyar taɓa wani sisteyin da ke kusa da bakinsa. Amfanin haka shi ne kada ATG4 ya yi gaggawar kwance LC3 daga buhun da ba a gama ginawa ba. Abin da kuka yi a kofin shayi da ganganci, selil na yinsa da awo.

Akwai kuma abin cuku. Abin da makiyaya ke sa wa madara daga cikin tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi anzim ne mai suna kimozin. Yana yanka kapa-kazeyin a wuri guda, tsakanin amino asid na 105 da na 106, madara duka ta daskare. Ga misalin yanka ɗaya da ke sauya komai, irin na ATG4, duk da cewa a dangantaka kimozin ɗan'uwan katepsin D ne. Ɗalibai su riƙe cewa dangi abu ɗaya ne, hali kuma wani abu ne daban.

Mataki na biyar: romon ƙafar sa

Wannan na masu lokaci ne, amma ya fi burge yara. A dafa ƙafar sa ko ganda har romon ya yi kauri, ba gishiri ba yaji, a kwashe man sama, a tace. Jelatin ke nan, kolajen da ya narke. In ya huce zuwa ɗumi-ɗumi a raba shi a kofuna biyar kamar na madara, a sa abubuwan nan dai, a jira rabin sa'a, sannan a nutsa kofunan cikin ƙanƙara. Masu lafiyayyen jelatin za su daskare har a kife kofi ba su zubo ba, na ɗanyen gwanda zai zauna ruwa ko ya kwana a firji. Jelatin na narkewa da zafin da bai kai na jikin mutum ba, saboda haka a watan Afrilu ko Mayu na Maradi in babu ƙanƙara duka biyar ruwa za su zauna, aji ya tashi da dariya. Hunturu ya fi dacewa da shi.

Mataki na shida: inda gwanda ta gaza

Za a so a nuna tasirin tsami, tunda katepsin sai da tsami suke aiki. Kada ku matsa lemun tsami a madara, shi kaɗai ma yana tsinka ta. Papayin kuma ba ya da tsirfa a kan pH kamar 'yan'uwansa na lizozom, yana aiki daga tsami-tsami har tsaka-tsaki. Wannan sashen a allo za a yi shi.

Ruwan cikin selil yana wajen pH 7.2, cikin lizozom kuwa tsakanin 4.5 da 5, wato tsamin ya ninka fiye da sau ɗari. Wani famfo a fatar lizozom, V-ATPaz, shi ke ƙona ATP yana tura furoton ciki dare da rana. Ku sa ɗalibai su lissafo abin da ya hana selil cinye kanta: ana ƙera katepsin a kulle, yawancinsu suna raunana in sun fito daga tsami, cikin fatar lizozom a shafe yake da furotin masu kaurin sukari irin su LAMP, sannan a waje akwai masu gadi irin su sistatin da ke cafke wanda ya tsero.

Misalin da zai zauna musu shi ne kulorokin, Nivaquine ɗin da iyayensu suka sha a da. Yana shiga lizozom ya taru, ya rage tsamin, ya kuma hana buhu haɗewa da shi, shi ya sa har yau ɗakunan bincike ke amfani da shi don toshe otofaji. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma tana da tata jaka mai tsami inda take narkar da himogulobin da furotiyaz iri biyu, falsipayin 'yan dangin papayin, da filasmepsin 'yan dangin katepsin D. A cikin jakar nan kulorokin ke taruwa ya hana ta daskarar da gubar hem da ke fita daga narkarwar.

In ana son a san abin da ke faruwa idan mahautan suka ajiye aiki: ɓerayen da aka cire wa katepsin D suna mutuwa kafin su cika wata guda, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu cike da buhunan da ba a narkar ba. A mutane ma rashinsa na haddasa wata cutar gado mai lalata ƙwaƙwalwar jarirai, CLN10.

Mataki na bakwai: tsakuwa a kwano, sannan karatun LC3

Wannan ne zuciyar zama na biyu, kuma a nan ko manyan ɗalibai ke tuntuɓe. A ajiye kwano a tebur. Ɗaliba ɗaya tana jefa tsakuwa biyu duk lokacin da aka tafa, ɗalibi ɗaya yana kwashe biyu. Bayan tafi goma kwano kusan wayam. A sa sauran aji su juya baya. Karo na farko, mai jefawa ta koma shida, mai kwashewa ya koma huɗu. Karo na biyu, mai jefawa ta ci gaba da biyunta, mai kwashewa ya naɗe hannu. A duka biyun, bayan tafi goma tsakuwa ashirin ce a kwano. Su juyo su faɗi wanne ne wanne. Ba za su iya ba.

Tsakuwar ita ce otofagozom, ko LC3-II da ke jikinsa. Yawanta a hoto ɗaya ba ya nuna ko otofaji ya ƙaru ne ko narkarwa ce ta tsaya, kuma ma'anar biyun kishiyar juna ce: ɗaya selil ce mai ƙwazo, ɗaya selil ce mai ciwo. Yanzu ku koma ga tambayar da ke kusurwar allo. Ohsumi ya naɗe hannun mai kwashewa ne da gangan don ya ƙirga abin da ake jefawa.

Haka ake yi har yau. Ana raba selil gida biyu, a sa wa rabi abin toshewa, ko bafilomisin A1 mai kashe famfon tsami, ko kulorokin, ko haɗin E64d da pepstatin A, na farko yana kama katepsin masu sisteyin, na biyu masu aspartat. Sai a auna LC3-II a duka. In magani ya ƙara LC3-II, aka sa abin toshewa ya sake hawa sama da na toshewa kaɗai, to ginin buhu ne ya ƙaru. In kuwa ya hau, aka sa abin toshewa bai motsa ba, dama can hanyar a toshe take. A duba p62 don ƙarin shaida, tunda shi ma ana narkar da shi tare da kayan da ya kawo: raguwarsa alamar hanya a buɗe, taruwarsa alamar cunkoso. Ɗaliban jami'a su lura da wani abin ruɗani a hoton jel: LC3-II ya fi LC3-I nauyi saboda kitsen da ke jikinsa, amma ya fi shi gudu, yana fitowa a ƙasa wajen kilodalton 14, LC3-I kuma wajen 16.

Ku zana musu layuka huɗu a allo da kauri daban-daban, kowane rukuni ya yanke hukunci ya kare shi. In akwai jarrabawa, irin wannan tambayar ta fi a ce su jero sunayen ATG.

Mataki na takwas: in akwai madubi

A jiƙa ɗan yis na burodi a ruwan sukari mai ɗumi, bayan ya tashi a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a mayar da shi cikin ruwa zalla na wasu sa'o'i. A ƙarfin 400 ko fiye za a ga bakuyol kamar farin fili a tsakiyar selil. Ba za a ga ƙwallayen Ohsumi ba, domin furotiyaz ɗin wannan yis lafiyarsu ƙalau, kuma wannan rashin ganin shi ne darasin. Wani lokaci akan ga ɗigo ɗaya yana rawa a ciki, yara su yi ta murna. Yawanci dunƙulen folifosfat ne, ba buhun otofaji ba.

Tambayoyin da za su taso

"Malam, ashe azumi ne ya ci Nobel?" Wannan sai ta zo, don saƙon da ke cewa azumi na kunna otofaji har an ba da Nobel a kansa ya zaga wayoyi. Kyautar 2016 ta gano ƙwayoyin gado da tsarin otofaji ce, kuma a yis aka yi aikin. Cewa yunwa na tayar da otofaji a dabba gaskiya ne: a 2004 Noboru Mizushima ya nuna haka a ɓeraye masu LC3 mai haske, bayan an hana su abinci kwana guda, kuma gaɓoɓi ba su amsa daidai da juna ba. A shekarar dai aka nuna cewa jariran ɓeraye marasa Atg5 suna mutuwa cikin ranar farko ta haihuwa. Amma ɗalibin da ya yi wasan kwano zai gane da kansa cewa mai cewa otofaji na kunnuwa a sa'a kaza daidai a jikin kowa, sai ya faɗi yadda ya toshe lizozom ɗin mutum mai rai ya ƙirga. Mai ciwon sukari da mai juna biyu kuma likita za su tambaya, ba saƙon waya ba.

"To in na ci gwanda, otofajina zai ƙaru?" Papayin furotin ne, a ciki da hanji yake tsayawa a narkar da shi kamar kowane furotin, ba ya tafiya ya shiga lizozom ɗin hanta. Naɗe nama a ganyen gwanda yana sa shi laushi, iyakarsa ke nan.

Ɗalibi mai kaifin kai zai iya tambaya ko akwai furotiyaz da ke yaƙar otofaji. Akwai. Kalpayin, wanda kalsiyam ke tayarwa, yana datse ATG5, guntun ya koma mitokondiriya ya taimaka wajen kashe selil. Wasu furotiyaz, kaspaz, suna yi wa Beclin 1, furotin mai taimaka wa fara ginin buhu, irin haka idan selil ta kama hanyar mutuwa. Ƙwayar cutar Legionella kuma tana harba wani anzim nata mai suna RavZ, wanda ke cire LC3 daga fatar buhu kamar yadda ATG4 ke yi, sai dai shi yana yankawa ne kafin gilisin ɗin, ya tafi da shi. LC3 ɗin da ya rasa gilisinsa ba ya sake ɗauruwa. Ku ba su wannan a matsayin aikin gida: su zana LC3 sau biyu, su sa alama inda ATG4 ke yanka da inda RavZ ke yanka, su bayyana da kalmominsu me ya sa tazarar amino asid ɗaya ta isa ta kuɓutar da ƙwayar cutar.